Ƙofar da Ikara, Makarfi da Kudan ke buƙata

A shekarar 1806 Napoleon ya ba da umarnin a gina masa ƙofar nasara a birnin Paris, bayan ya ci yaƙin Austerlitz. Ba a gama ta ba sai 1836, shekara goma sha biyar bayan mutuwarsa. Tsayinta ya kai mita 50, kuma ba ta da ƙyaure ko ganuwa, domin ba tsaron gari aka gina ta don shi ba, sai don a tuna wanda ya yi galaba. A daidai wannan zamani, a mulkin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu yana ɗaure bakunan masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. Ke nan ba wanda zai koya wa Bazazzage yadda ake lanƙwasa baka. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne me ya sa duk garin da ya samu ɗan kuɗi yau sai ya kafa ginshiƙan siminti biyu a bakin hanya, ya ɗora musu ƙarfe, ya rubuta "barka da zuwa" da sunan shugaban ƙaramar hukuma.

Ƙofar Bahaushe ta aiki ce. Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona da sauransu duk jikin ganuwar Zariya suke, a da kuma kowace tana da Sarkin Ƙofa mai rufewa in dare ya yi, mai sanin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko. Sunayensu ma tarihi ne: wata ta ɗauki sunan garin da hanyarta ke kaiwa, wata na unguwa, wata na mutum. Ra'ayina shi ne, idan Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, za su kashe kuɗin jama'a a kan ƙofa, to wannan gado za su bi. A kira magina na gargajiya su ɗaure bakan gizo, su tayar da zankwaye a sama, su yi zane a jikin bango tun yaɓe bai bushe ba, irin wanda ake gani a ƙofar fadar Zazzau. Giginyar da ake tsaga azara da ɗorawar da ake samun makuba duk a gonakin yankin suke, kuɗin kuma zai zauna a hannun 'yan gari.

Za a ce ginin ƙasa ba ya jure damina. Gaskiya ne yana son yaɓe a kai a kai, sai dai wannan yaɓen shi ne makarantar da yaro ke koyon sana'ar ubansa. Ranar da aka daina shi, sana'ar ta tafi. Simintin ma ai ba ya tsira: fenti ya ɓare, ƙarfe ya yi tsatsa, hotunan 'yan takara su lulluɓe shi. Za a kuma ce motar rake ta Makarfi ko ta tumatirin Ikara ba za ta wuce ta ƙarƙashin bakan ƙasa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma Kano ta ɗanɗana ta lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake gina wata. Maganin shi ne kada a ɗora ƙofar a kan kwalta tun farko. A gina ta a gefe, inda mai ƙafa da mai keke za su bi, a yi mata zaure da dakali, manyan motoci su wuce abinsu.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa garin da asibitinsa ba magani bai kamata ya yi zancen ƙofa ba. Na yarda, ruwan sha da magani su ne gaba. Amma kuɗin ƙofar nan ana kashe su ko mun so ko mun ƙi, kuma ana kashe su ne a kan abin da shugaba na gaba zai goge sunan na baya ya rubuta nasa.