Kafin Ka Zagi Faransa Ko Ka Kare Ta, Me Ka Karanta?

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kowa a garin nan ya zama masanin leƙen asiri. Mai shayi ya san inda sojan Faransa suka kafa sansani, ɗan kabu-kabu ya san nawa aka biya wane shugaba. Ka tambaye shi inda ya samo, sai ya miƙo maka waya: muryar wani da ba shi da suna, yana rantsuwa da Allah. A gidan rediyo muna karɓar irin waɗannan kiraye-kiraye kullum, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yan boko ne kan gaba wajen yaɗawa.

Wannan ba wasa ba ne a garin da tuwonsa ke rataye a kan iyaka. Mun ga manyan motoci sun yi layi na watanni, mun ga mutane na tsallaka kogi a kwale-kwale da kayansu a ka. Mutumin da siyasar Kwatano da Yamai da Paris ke taɓa masa tukunya, ya wajaba ya fahimci siyasar, kuma sautin WhatsApp na minti uku ba zai fahimtar da shi ba.

Masu cewa maganar makircin Turawa tatsuniya ce, su ma ban raga musu ba. Ranar 16 ga Janairun 1977 sojan haya ƙarƙashin Bob Denard sun sauka a filin jirgin saman Kwatano don kifar da Mathieu Kérékou. Da suka gudu sun bar takardunsu a baya, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya turo tawagar bincike. Ga makirci na gaskiya, mai rana, mai suna, mai shaida. Wanda ya san wannan ya san irin hujjar da zai nema idan an kawo masa sabon zargi.

Saboda haka ga inda za a fara. A kan leƙen asiri, a nemi La Françafrique na François-Xavier Verschave, na 1998, a haɗa shi da Foccart parle, hirarrakin da Philippe Gaillard ya yi da Jacques Foccart, mutumin da ya riƙe wa De Gaulle harkokin Afirka. Ɗaya mai ƙara ne, ɗaya wanda ake ƙara, sai ka zauna a tsakiya ka yi alƙalanci. Masu jin Ingilishi su ƙara da White Malice na Susan Williams, a kan ayyukan CIA a Kwango da Ghana zamanin Lumumba da Nkrumah.

A kan siyasar maƙwabtanmu, Klaas van Walraven ya rubuta tarihin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, da Faransanci sunansa Le désir de calme. A ciki za ka ga yadda aka murƙushe masu cewa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, da yadda aka haramta jam'iyyar a 1959. Duk mai ihun 'yancin kai yau bai san Sawaba ba, gini yake yi ba harsashi.

Tarihi kuwa, a fara da na gida. Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana nan, haka Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu, inda ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa. Ku karanta ku gani ko haraji marar dalili da cin hanci sababbin abubuwa ne. Ko tsibirin Lete da muka daɗe muna jayayya a kai da Nijar, Kotun Duniya ta yanke hukuncinsa a 2005 bisa takardun zamanin mulkin mallaka. Wanda ya ajiye takarda ya karanta ta, shi ya iya tsayawa gaban alƙalai.

Falsafa ma ba sai an je Girka ba. Paulin Hountondji, ɗan ƙasarmu da ya rasu a 2024, a littafinsa Sur la philosophie africaine ya yaƙi ra'ayin cewa duk 'yan Afirka tunaninsu ɗaya ne. A wurinsa falsafa muhawara ce tsakanin mutane masu suna, kowa ya kawo hujjarsa a auna. Wannan darasi kaɗai ya ishe mu maganin masu kiran duk wanda ya yi tambaya karen farautar Faransa.

Za a ce littattafan da tsada, kuma yawancinsu ba da Hausa ba ne. Gaskiya ne. Amma kuɗin datar da fada guda ke ƙonawa a wata zai sayi littafi, kuma kowace fada ba ta rasa mai jin Faransanci. Mutum ɗaya ya karanta babi, ya fassara wa saura a bakin shayi, a yi gardama a kai. Haka kakanninmu suka yi karatun zaure. Mu ma'aikatan rediyo nauyin ya fi hawa kanmu: wanda zai buɗe makirufo ya yi sharhi a kan AES da CEDEAO, a tambaye shi littafi nawa ya gama a bana.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya buɗe mana gadarmu lafiya.