Nakiyar teku: wani ya shuka, wani ya tono, ɗan kasuwa ya biya

Jama'a masu karatu, musamman alhazai da hajiyoyin kasuwa, yau teku za mu kai ku. Mun san wani zai ce me ya haɗa mutumin Maraɗi ko Damagaram da teku, alhali daga Yamai zuwa Kwatano ma tafiyar sama da kilomita dubu ce. To a duba rumfa. Shinkafar Indiya da ta Tailan, fulawa, takin zamani, atamfa, shadda, kayan babur, salula: kusan duk sai da suka kwana bisa ruwa kafin kamiyo ya ɗauko su. Kayan da alhazanmu ke saye a Dubai kuwa, daga tashar Jabal Ali ake loda su, cikin Tekun Fasha, kuma dole su fito ta mashigin Hormuz. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani ƙaramin jirgin soja da ba a cika nunawa a talabijin ba, wato jirgin farautar nakiya, da irin aikin da ya yi a wannan teku tsakanin 1990 da 1991.

Nakiya ba baƙuwar kalma ba ce gare mu. A watan Disamba na 2007 ta tashi da motocin farar hula a Maraɗi da Tawa, a watan Janairu na 2008 ta kashe shugaban wani gidan rediyo mai zaman kansa a cikin Yamai. Waɗanda suka ga lokacin suna tune da yadda direbobi suka riƙa tsoron sauka daga kwalta. Nakiyar ruwa ma haka take aiki, tsoron da take sakawa ya fi ɓarnar da take yi yawa. Iri biyu ne manya. Akwai mai ƙahoni, wadda ake ɗaurewa da waya a ƙasan teku, tana reto ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, jirgi na taɓa ƙahon sai ta fashe. Akwai kuma wadda ke kwance a ƙasa kamar dutse, ba ta bukatar a taɓa ta: tana jin ƙarar inji, tana jin ƙarfen jirgi ta hanyar maganaɗisu, sai ta tashi a ƙarƙashinsa. Wasu ma ana saita su su bar jirage da dama su wuce kafin su fashe, don a ɗauka hanya lafiya lau take.

Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki shi ne lissafin. Ranar 14 ga Afrilu 1988, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, jirgin yaƙin Amurka mai suna Samuel B. Roberts ya taka wata nakiyar Iran, irin wadda aka ƙirƙiro samfurinta tun 1908. An ƙiyasta kuɗinta dalar Amurka 1,500, abin da bai kai miliyan ɗaya na sefa ba. Gyaran jirgin ya ci kusan dala miliyan 90, wato wajen miliyar 50 na kuɗinmu, ya kuma ɗauki sama da shekara. Kafin nan, a watan Yuli na 1987, wani ƙaton jirgin dakon mai, Bridgeton, ya taka nakiya alhali jiragen yaƙin Amurka na yi masa rakiya. Da abin ya faru sai ƴan rakiyar suka koma bayansa suna bin sawunsa, don shi zai iya jure wata fashewar, su ba za su iya ba. Mai gadi ya ɓuya bayan mai gida ke nan.

Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agusta na 1990, sai ta shuka nakiyoyi sama da dubu a ruwan da ke gaban ƙasar. Ingila ta tura jiragen farauta uku, Atherstone da Cattistock da Hurworth, daga baya Dulverton da Ledbury suka bi su. Kowanne tsawonsa mita 60 ne, mutanen cikinsa wajen 45. Gangar jikinsu babu ƙarfe, da roba mai haɗe da zaren gilas aka ƙera ta, don kada nakiya mai maganaɗisu ta ji su. Ɗan ƙarfen da ba makawa sai da shi, kamar na inji, ana zagaye shi da wayoyin lantarki masu kashe masa maganaɗisu. Hatta kayan aikin makanikai ana zaɓarsu. Idan aka shiga filin nakiya ana rage duk wata ƙara, ba buge-buge, ba jan kaya a ƙasa, kuma ana fitar da mutane daga ɗakunan can ƙasa, don idan ta fashe kada ruwa ya rutsa da su.

Watannin farko sun tafi a jira da atisaye. Aikin gaske ya zo a Fabrairu 1991, lokacin da aka sa waɗannan ƙananan jirage a gaba, manyan jiragen yaƙi na biye da su. Ranar 18 ga watan, cikin sa'o'i kaɗan, jiragen Amurka biyu suka taka nakiya. Na farko Tripoli, wanda shi ne ma ke ɗauke da jirage masu saukar ungulu na share nakiya. Mai ƙaho ce ta huda masa rami mai faɗin mitoci. Na biyu Princeton, jirgi na zamani mai tsadar gaske, wanda nakiyar kwance ƙirar Italiya, mai suna Manta, ta nakasa.

Yadda ake farautar kuwa, sai mai haƙuri. Jirgin na tafiya a hankali, kusan tafiyar mutum a ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai na'urar da ke aika ƙara cikin ruwa tana jiran amsa-kuwwa, wasu ma'aikata na zaune a ɗaki mai duhu suna kallon allo, ana canza su bayan ƴan sa'o'i don ido na gajiya. Duk abin da ya yi kama da nakiya sai an tsaya. Ƙasan teku kuwa cike take da shara: ganguna, duwatsu, tsofaffin anka, tarkacen jirage. Sau da yawa an ɓata sa'a guda a kan tsohuwar ganga. Amma ba wanda ke da ikon cewa a wuce wannan, don ita ce za ta iya zama ta gasken. Sai a saukar da wani ɗan injin nutso mai launin rawaya, ƙirar Faransa, da ake kira PAP 104, ana tuƙa shi daga cikin jirgi ta waya, yana ɗauke da kamara. In an tabbatar nakiya ce, ya ajiye albarushi kusa da ita, a dawo da shi, jirgi ya ja baya, sannan a fasa. Inda injin ba zai iya ba, mutum ne ke nutsawa, da kayan numfashi marasa ƙara, ya je ya ɗora albarushin da hannunsa. Nakiya ɗaya ke nan. Sauran dubu da wani abu na nan suna jira.

A ƙara da yanayin wurin. Sojan Iraƙi sun cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta, hayaƙi ya rufe sama har rana tsaka ta koma kamar magariba, kuma ba a kashe ta ƙarshe ba sai a Nuwamba 1991. Ɗanyen mai ya malala a kan ruwa. Nakiyoyin da wayarsu ta tsinke suna yawo duk inda iska ta kai su, shi ya sa dare da rana akwai mai tsaye a goshin jirgi yana leƙe. Jirgin ƙarami ne, ba ya ɗaukar guzuri mai yawa, sai ya riƙa komawa wajen babban jirgi mai ba shi mai da ruwa da abinci.

An daina harbi a ƙarshen Fabrairu. Ranar 3 ga Maris hafsoshin ɓangarorin biyu suka zauna a Safwan, kuma Iraƙi ta miƙa taswirar wuraren da ta shuka nakiyoyin. Ranar 12 ga Maris aka samu jirgi ya shiga tashar Shu'aiba ta Kuwait, ta wata siririyar hanya da aka share. Amma sauran tekun fa? Sai da jiragen Faransa, Beljiyam, Holan, Italiya da Jamus suka zo suka kama. Japan ma, wadda tun bayan yaƙin duniya na biyu ba ta taɓa tura rundunarta irin wannan aiki a waje ba, ta aiko da jirage shida a watan Afrilu, don yawancin man da take sha ta nan yake fitowa. Mutum wajen 500, wata uku suna aiki cikin zafin bazarar Fasha, suka fasa nakiya 34. Ba a kammala ba sai a Satumba. Yaƙin ya ɗauki mako shida, sharar bayansa ta ɗauki sama da wata shida, kuma da taswira a hannu.

Wani zai ce mana ai waɗannan jirage na manyan ƙasashe ne, man fetur ɗinsu suke karewa. Gaskiya ne. A Fabrairu 1991 hanyar da suka buɗe ta manyan jiragen yaƙi ce, Missouri da Wisconsin, don su matso su yi luguden wuta. Kuma manyan ƙasashen nan ba su da bakin yi wa kowa wa'azi: a 1984 Amurka ta sa an shuka nakiya a tashoshin Nikaragwa, kotun duniya ta yanke a 1986 cewa ta karya doka, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu. Duk da haka, hanyar da aka share bayan yaƙi ba ta tambayar tutar jirgi. Mai dakon mai ya bi, mai dakon shinkafa ya bi, kwantenar Alhaji ma ta bi.

Ga inda abin ke iso mu. Da zarar an ji labarin nakiya a wani ruwa, kamfanonin asurans, wato inshora, su sa wurin cikin jerin wurare masu hatsarin yaƙi. Kuɗin asurans ya hau, mai jirgi ya ɗora ƙarin a kan kowace kwantena, ko ya ƙi zuwa sam. Ƙarin ya bi kaya har tashar Lome ko Kwatano, ya wuce duwan, ya hau kamiyo, ya sauka a sito, daga nan ya rarrabu cikin tiya da kwano. Mai tuyar fanke ba ta san sunan tekun ba, ita dai ta ga buhun fulawa ya tashi. A 2022 mun gani a Bahar Aswad: nakiyoyi da jiragen yaƙi suka toshe tashar Odesa, alkamar Yukren ta maƙale, sai a ranar 22 ga Yuli aka sa hannu a Istanbul kan yarjejeniyar da ta fitar da hatsi kusan tan miliyan 33 cikin shekara guda. A Satumba na shekarar nakiya mai yawo ta fashe a jikin jirgin sharar nakiya na Romaniya. Sai a Janairu 2024 Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka kafa rundunar haɗin gwiwa ta share ruwan. Ba nakiya kaɗai ta tada farashi a lokacin ba, amma tana cikin masu laifi. Wanda kuma ya ga abin da rufe gadar Gaya da Malanbil ya yi wa kasuwa a 2023 ba sai an faɗa masa abin da toshewar hanya ke nufi ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne doka. Nakiyar ƙasa mai kashe mutum an haramta ta a yarjejeniyar Otawa ta 1997, Nijar ma tana ciki. Ta ruwa kuwa har yanzu yarjejeniyar Hag ta 1907 ce madogara. Ta ce wadda ta tsinke daga wayarta dole ta mutu da kanta. Ta ce bayan yaƙi kowa ya kwashe wadda ya shuka, in a ruwan abokin gaba ne ya nuna wurin. Ta kuma hana shuka ta a gaɓar abokin gaba idan manufar kaɗai ita ce tare jiragen kasuwa. To wannan kalma ta “kaɗai” ita ce ƙofar rago, don babu janar ɗin da zai rasa wani dalilin soja da zai ƙara. A 1991 wasu ne suka shuka, wasu suka sa ransu cikin hatsari suka tono, wasu can nesa suka biya a farashi.

Ra'ayinmu shi ne ƙasashe marasa teku irin tamu su ne suka fi kowa haƙƙin yin magana a nan, don ba mu da jirgin da zai shuka, ba mu da wanda zai tono, biya kawai muke yi. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba mu haƙƙin kaiwa ga ruwa, amma haƙƙin bai da amfani idan ruwan a toshe yake. Ya kamata wakilanmu, tare da na Mali da Burkina Faso da Cadi, su nemi a wajabta wa mai shuka nakiya ajiye taswira, da miƙa ta ranar da aka tsagaita wuta, da biyan kuɗin sharewa. Majalisar ƴan kasuwa da hukumar CNUT mai kula da masu shigo da kaya su ne ya dace su fara tada maganar.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Duk wanda tiransite ya ce masa an ƙara kuɗin jirgi saboda hatsarin yaƙi, ya nemi a nuna masa takardar kamfanin jirgin, ya ga nawa ne, daga wace rana, kuma a kan wace hanya, don kayan da suka taso daga Sin suka zagayo ta Afirka ta Kudu ba su bi ta Hormuz ba. Irin wannan ƙari na wucin gadi ne, ana janye shi idan an share hanya. Manyan alhazai masu shigo da kaya sun san ranar da ake janyewa, ƴan kiri da matan kasuwa ba su sani ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa za su iya neman waɗannan takardu, su riƙa sanarwa a rediyo ranar da ƙarin ya hau da ranar da ya sauka.