Takarda ɗaya kada ta binne mutum da ransa



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fada wajen shan shayi da cikin saƙonnin da ake turo mana a rediyo: soja in ya bar bakin aiki ba da izini ba, shi ke nan, matsoraci ne, a kore shi, a manta da shi. Wasu har cewa suke harsashi ne ya dace da shi. Mu kam ba mu yarda da wannan magana ba, kuma yau za mu faɗi dalili. Misalinmu daga Amurka za mu ɗauko shi, ƙasar da ba wanda zai ce sojojinta ba su san horo ba.

A can, duk sojan da ya gama aiki ana ba shi wata takarda mai suna DD-214. Cikinta ake rubuta yadda ya fita, kuma fitar kala biyar ce. Akwai ta mutunci. Akwai ta tsaka-tsaki. Akwai wadda suke kira OTH, wato fitar da ba ta mutunci ba, wadda ofis ke yankewa ba sai an je gaban alƙali ba. Sai biyu na ƙarshe, mafi muni, waɗanda kotun soja ce kaɗai ke bayar da su. Dokar sojansu ta raba laifi biyu: barin aiki ba izini yana ƙarƙashin aya ta 86, gudu da niyyar ƙin dawowa ko don kauce wa aiki mai haɗari yana ƙarƙashin aya ta 85. In mutum ya kai kwana 30 ba a gan shi ba, sai a cire sunansa daga lissafin rundunarsa, a rubuta shi cikin waɗanda suka tsere.

Abin da ke faruwa da yawa daga cikinsu shi ne, in sun dawo ko an kamo su, sai a ce su zaɓa: ko kotu da kaso, ko su sa hannu su karɓi OTH su tafi gida. Yaro ɗan shekara 20 da ke tsoron kurkuku, wanne kuke zaton zai ɗauka? Sai ya sa hannu. Daga baya ne zai gane abin da ya saya. Kuɗin karatun da gwamnati ke biya wa tsoffin sojoji ya wuce shi, don sai mai takardar mutunci ake ba. Magani a asibitocin tsoffin sojoji da kuɗin nakasa sun zama sai an sake bincike, kuma in rashin nasa ya kai kwana 180 a jere, doka ta rufe masa ƙofa sai fa in ya nuna cewa dole ce ta sa shi. Ya je neman aiki, a ce ina takardarka. Laifin wata biyu, hukuncin shekara hamsin.

To ga tambayar da masu cewa "matsoraci" ba su son ji: me ya sa ya tafi?

A 2017, hukumar binciken ayyukan gwamnati ta majalisar Amurka, GAO, ta duba sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015. Kashi 62 cikin ɗari na su, likitoci sun riga sun same su da ciwon firgitar yaƙi da ake kira PTSD, ko rauni a ƙwaƙwalwa, ko wata cuta makamanciyar haka, cikin shekara biyu kafin a kore su. Ku sake karanta wannan. Mutum ya ga abokinsa ya tarwatse a gabansa, barci ya gagare shi, ya fara shaye-shaye don ya runtsa, wata rana ya kasa komawa bariki. Sai rundunar da ta tura shi can ta buga masa hatimin mai laifi, kuma hatimin nan na iya hana shi maganin ciwon da ya jawo laifin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam sun fi kowa shan wannan wahala, don sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka amince da PTSD a matsayin cuta. Kafin nan, raki ake kiran ta. Wani tsohon soja mai suna Conley Monk ya kwashe sama da shekara 40 da mummunar takarda. A 2014 ya kai ƙara tare da wasu 'yan'uwansa, da taimakon ɗaliban shari'a na jami'ar Yale. A watan Satumba na shekarar, ministan tsaro Chuck Hagel, wanda shi ma ya yi Biyetnam, ya ba da umarni a riƙa sassautawa in an zo duba dosiyen masu wannan ciwo. A 2015 aka gyara takardar Monk. Wani umarnin ya biyo baya a 2017, ya haɗa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da waɗanda aka yi wa fyaɗe a cikin aiki. Na 2018 kuma ya ce a duba halin mutum bayan ya bar soja.

Kada wani ya ɗauka sadaka ake rabawa. Akwai wata jita-jita da ta daɗe tana yawo a barikokinsu, wai bayan wata shida takardar kan gyaru da kanta. Ƙarya ce. Sai mutum ya nema. In bai wuce shekara 15 da fita ba, zai cika takarda mai lamba 293 ya kai wa kwamitin sake duba sallama, amma kwamitin nan ba shi da ikon taɓa hukuncin babbar kotun soja. In ya wuce shekara 15, sai takarda mai lamba 149 zuwa kwamitin gyaran dosiye. Kuma kwamitocin suna farawa ne da zaton cewa hukuncin farko daidai ne. Shi mai nema ne zai kawo takardun likita, shaidar waɗanda suka yi aiki tare, da hujjar cewa tun da ya fito bai zama ɗan iska ba. Ana jira wata da watanni, kuma da yawa ana ƙi. Nan ma muna da ta cewa: mutumin da ke kwana kan titi, ƙwaƙwalwarsa a rikice, ina zai samu lauya da tarin takardu? Amma ko ba komai ƙofa na nan, kuma doka ce ta buɗe ta, ba sanayya ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce soja ba kasuwa ba ce, in kowa zai tafi ranar da ya ga dama, wa zai tsare ƙasa? Za a ce wanda ya tafi ya bar abokinsa a rami shi kaɗai. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kada a hukunta ba. A hukunta. Wanda ya sayar da bindigarsa, ko ya kai wa maƙiyi labari, ba da shi muke ba. Abin da muka ƙi shi ne a zuba kowa a buhu ɗaya a ɗaure bakin. Wanda ya wuce parmisiyonsa don uwarsa na kwance a asibiti, da wanda ya yi shekara uku a daji sannan kansa ya juye, da wanda ya ci amana don kuɗi, ashe duk suna ɗaya za su ɗauka har kabari?

Kuma jinkiri yana da tsada. Ingila ta harbe sojoji 306 a yaƙin duniya na ɗaya bisa laifin gudu, tsoro da makamantansu. Sai a 2006 ta yi masu afuwa, bayan kusan shekara 90. Afuwar ta iske jikoki. Ga maƙwabtanmu kuma: a Disamba 2014 kotun soja a Najeriya ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa bisa tawaye da ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa suna cewa ba a ba su makaman kirki ba. Shekara ɗaya bayan nan aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10, kuma a 2015 rundunar ta mayar da sojoji fiye da 3,000 bakin aiki bayan ta sake duba shari'arsu. Da an bi masu cewa a harbe, wa zai dawo da su?

Mu nan ba baƙin yaƙi ba ne. Inates ta ci mana sojoji 71 a Disamba 2019, Chinagodar ta ci 89 a Janairu 2020. Allah ya jiƙansu. Amma akwai waɗanda suka tsira daga irin waɗannan wurare, suna cikin unguwanninmu, wasu da kaki wasu ba kaki, kuma abin da idonsu ya gani ba ya fita da wanka. In ɗayansu ya kasa komawa, kafin mu ɗaga kofin shayi mu kira shi matsoraci, mu tambayi kanmu dare nawa muka taɓa kwana a Tillaberi ko bakin tafkin Chadi da bindiga a hannu.

Abin da muke kira gare shi a fili yake. Duk rundunar da ke da ikon korar soja, ya kamata ta kasance da hanyar da kowa ya sani ta sake duba korar, da likitan ƙwaƙwalwa a zaune cikin masu dubawa, da wa'adin ba da amsa. Iyalai kuma, in ɗanku ya dawo gida ba lokacin hutu ba, kada ku ɓoye shi don kunya. Ku kai shi likita, ku adana kowace takarda, ku lallashe shi ya koma ya miƙa kansa da wuri, don kowace rana da ta ƙaru tana ƙara wa laifin nauyi.

Masu ganin mun yi sassauci da yawa, fili naku ne. Ku zo da hujja, ku bar zagi a gida. Allah ya tsare sojojinmu, ya ba ƙasarmu lafiya.