Albasar Fure: Ta Lambu Za A Yi Musaya Da Ita, Ba Ta Daji Ba

Yau maganarmu a kan wasu tsire-tsire ne waɗanda gindinsu ke da kai kamar na albasa, amma ba don miya ake shuka su ba, sai don kyan furensu. Ma'abota wannan sha'ani suna da al'ada tun da daɗewa, watau musaya: ka ba ni irin da ba ni da shi, in ba ka wanda ba ka da shi. Al'ada ce mai kyau, ina goyon bayanta. Amma ina da sharaɗi, shi ne kada mutum ya miƙa wa ɗan'uwansa sai abin da ya hayayyafa a lambunsa, kuma mai lafiya.

Dalilin da ya sa ake musayar kan albasar, ba ƙwayar irin ba, shi ne wannan. Kadan ka shuka ƙwayar irin furen da Turawa ke kira tulif, sai ka jira wajen shekara bakwai kafin ka ga fure, sa'an nan ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. Amma 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, su kam hoton uwarsu ne sak, kuma cikin shekara biyu ko uku sun yi fure. Sai dai uwa ba ta ba da su da yawa, biyu ko uku ne a shekara. Ƙarancin nan shi ne tushen tsadar, shi ne kuma tushen kwaɗayin.

Tulif daga ƙasar Turkawa ya shiga Turai. Wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya koma birnin Laidin na ƙasar Holan a 1593 da albasoshinsa, kuma shi mutum ne mai aika iri ga abokansa masana ko'ina cikin Turai, su ma su aiko masa. Da musaya aka fara ke nan. Ba a daɗe ba ɓarayi suka riƙa haura lambunsa da dare. Kafin shekara arba'in da 'yan kai abin ya zama ciniki, har ana sayen albasa tana cikin ƙasa ba a gan ta ba, ana neman kuɗin gida sukutum a kan guda ɗaya. A watan Fabrairu na 1637, a birnin Harlem, masu saye suka ja da baya, kasuwa ta faɗi. An sha ƙara wa labarin gishiri, ana cewa ƙasar duk ta tsiyace, amma masana tarihi na bayan nan sun nuna hasarar ba ta kai haka ba.

Abin da na fi so a lura da shi ba kuɗin ba ne. Tulif ɗin da suka fi tsada su ne masu zane-zane, ja ya ratsa fari kamar harshen wuta. Mutanen wancan zamani ba su san mafarin zanen ba. Sai a 1928 wata masaniya a Ingila, Dorothy Cayley, ta nuna ashe cuta ce, ana iya ɗaukarta daga wannan albasa zuwa waccan. Ƙwaron da ke yaɗa ta ɗan'uwan darɓar da ke kama mana dawa ne. Cutar tana raunana uwa, tana bin 'ya'yanta, har iri ya ƙare. Wanda aka fi yabo cikinsu, mai suna Semper Augustus, yau babu shi a duniya. To, duba: duk wanda ya ba abokinsa irin wannan kyauta, ciwo ya kai masa lambu, alhali kuwa godiya ake yi masa. Saboda haka albasa mai taushi, ko mai ruɓa a gindi, ko wadda ganyenta ya yi dabbare-dabbare, wuta ce ta dace da ita, ba hannun aboki ba.

Sauran magana ta tono daga daji, wadda ta fi wannan nauyi. Akwai wani ɗan farin fure mai fitowa cikin sanyin ƙanƙara, sunansa galantus. Mutanen Ingila sun ƙallafa rai a kansa, har a 2022 aka sayar da albasarsa guda a kan fam 1,850. Shekara da shekaru talakawan duwatsun Turkiyya suna tono shi miliyoyi ana kai wa Turai, har wuraren da ya saba rufewa suka fara zama fili. Ala tilas a 1990 aka sa shi cikin jerin tsirran da yarjejeniyar duniya ta 1973 ta hana a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Daga baya aka koya wa waɗansu ƙauyukan noma shi a gonakinsu.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, daji na kowa ne. Na ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu ma muna da namu: ga albasar kwaɗi mai farin fure da ratsin ja, wadda ke buɗewa a fadamu da farkon damina, ga baurairai mai hawa, ga ire-iren gadali da masu magani ke tonowa suna bai wa juna. Wanda ya tsinki fure ya bar uwa, baɗi ta sake. Wanda ya tono kai kuwa ya tafi da uwa da 'ya'ya da jikoki. Noma da gine-gine suna cin fadama tun ba yau ba, in aka ƙara da masu tono, ba za a daɗe ba.

Kuma babu larurar da ta tilasta tonon, domin hayayyafar ba ta da wuya. A bari ganye ya bushe da kansa, gama da shi albasa ke tara abincin baɗi, sa'an nan a ɗaga ta a ɓamɓare 'ya'yan a dasa cikin ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya. Masu gaggawa a Turai suna yanka albasa guda gida takwas ko goma sha shida da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da ɗan guntun gindi, su ajiye cikin danshi wajen wata uku, sai kowane ya fid da ɗan kai. Albasar kwaɗi ma tana ba da manyan ƙwayoyi masu tsirowa nan take in an aza su bisa ƙasa mai laima.

Mai ba da iri ya gaya wa mai karɓa sunansa da inda ya samo shi. Ya kuma gaya masa cewa yawancin waɗannan akwai dafi a jikinsu, baurairai ma yana kisa, don kada a ajiye su kusa da albasar miya ko inda yara ke kaiwa.