Tikolo na Kenya, gwanin da bai shiga babban fage ba

Yawancinmu ba mu san wasan kurket ba, domin ƙasashen da Ingila ta mallaka ne suka gaje shi. Ga yadda yake. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri, wani ya doke ta da faffaɗan katako ya sheƙa da gudu, ana lissafa masa maki. Akwai wasan yini guda. Akwai kuma babban wasa da ake kira Tes, mai kai kwana 5, wanda ba a yarda kowace ƙasa ta buga shi ba, sai wadda hukumar kurket ta duniya ta ba izini. A kan wannan izini nake son in yi magana.

An haifi Steve Tikolo a Nairobi a 1971. A 1996 ya fara buga gasar cin kofin duniya, ya ci maki 65 a karawarsa ta farko da Indiya. A cikin gasar nan Kenya ta kada ƙungiyar tsibiran Karayib a garin Pune, alhali kuwa ƙungiyar nan ita ta ɗauki kofin a 1975 da 1979. A 2003 shi ne madugun ƴan wasan Kenya. Suka kada Siri Lanka a Nairobi, suka kada Bangaladash da Zimbabuwe, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Durban, inda Indiya ta fid da su. A ran nan ma ya ci 56.

Sau 5 ya je gasar duniya. Ya buga wasan yini guda 135, ya tara maki 3,428. Amma Tes ko ɗaya bai taɓa bugawa ba. Ku ɗauka ɗan kokowa ne da ya kada manya a bainar jama'a, sa'an nan aka ce garinsu ba ya cikin masu neman takobi.

A ganina manyan ƙasashe ba su kyauta ba. A 1997, a Kwala Lamfur, Kenya da Bangaladash suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar ƙananan ƙasashe. Tikolo ya ci 147, Bangaladash ta yi nasara da ƙyar a jifar ƙarshe. Bayan shekara 3 aka ba Bangaladash izinin Tes, aka bar Kenya a ƙofa. Dalili a fili yake: Bangaladash tana da ɗimbin masu kallo, inda masu kallo suke kuwa nan kuɗi yake. Bayan 2003 ma manyan ƙasashe ba su riƙa gayyatar Kenya ba sai jefi-jefi. To, yaya ɗan wasa zai ƙaru in ba ya karawa da wanda ya fi shi?

Wasu za su ce sa'a ce ta kai Kenya nesa a 2003, tun da Niyu Zilan ta ƙi zuwa Nairobi saboda tsoron rashin tsaro, aka ba Kenya makin a ɓagas. Gaskiya ne. Amma Siri Lanka ta zo, kuma ta sha kaye.

Sai dai in na tsaya nan ban yi adalci ba, domin laifi mafi nauyi a gida yake, kuma nan ne ya kamata ma'aikata su buɗe kunne. Shekara guda bayan Durban, ƴan wasa suka yi yajin aiki a kan albashi. Rigimar kuɗi ta dabaibaye shugabannin wasan har gwamnati ta sa baki. A 2004 aka dakatar da Maurice Odumbe, abokin gwagwarmayar Tikolo, shekara 5 saboda karɓar kuɗi daga hannun ɗan caca. Wasan kuwa ya tsaya a ƴan ƙungiyoyin Nairobi da Mombasa, bai bazu cikin lakwal-lakwal na karkara ba. An ci amfanin gona, ba a ajiye iri ba.

Shaidar haka ta fito a 2013. Tikolo ya riga ya yi murabus bayan gasar 2011, amma aka sake kiransa yana da shekara 42, don babu matashin da zai tsaya a gurbinsa. Wasu sun ɗauki wannan kira girmamawa ce. Ni dai abin kunya na ɗauke shi ga waɗanda aka danƙa wa renon yara shekara 10. Dattijon ya amsa, ya buga, amma a farkon 2014, a Niyu Zilan, Kenya ta rasa ko matsayin wasan yini guda da take da shi. A 2017 hukumar duniya ta buɗe ƙofar Tes ga Ailan da Afganistan, a lokacin kuwa ba a ko ambaton Kenya.

Shi kuma ya koma koyarwa. Ya horar da ƴan wasan Yuganda, ya horar da na Tanzaniya, a 2022 kuma maƙwabciyarmu Nijeriya ta ɗauke shi ya zama babban mai horar da ƙungiyarta ta ƙasa.