Tsoffin Sojojin Basasa Na Buƙatar Mai Jinya A Gida

Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke, yau ya doshi 80. Irinsu na nan a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano, kan tabarma a zaure, sanda a gefe, buta kusa da hannu. Asibitin Malam Aminu Kano na bakin titin Zariya, amma ga mai ciwon gwiwa, tafiyar kamar zuwa Kaduna ce.

Akwai abin koyi a waje: tun wata yarjejeniya ta 1952 Jamus ke biyan diyya ga Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin Hitila. Yanzu har da kuɗin masu zuwa gida su yi wa tsoho wanka, su dafa masa abinci.

A nan gida kuwa, furannin da ake ajiyewa kowace 15 ga Janairu don tunawa da sojoji ba sa tayar da tsoho daga shimfiɗa. Ƙaramar hukumar Tarauni na da ma'aikatan lafiya. Ya kamata ta haɗa kai da ƙungiyar tsoffin sojoji, a ƙidaya su, a riƙa leƙa su ko sau ɗaya a mako, a rage wa 'ya'ya mata da surukai nauyin jinya.