Daga Tandabawi: Daren da na kalli Bala Miller

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna shan shayi a ƙofar gidan wani ɗan'uwa a nan Tandabawi, sai wani ɗalibi ɗan Zariya ya kunna waƙa a wayarsa. Busar farko kawai na ji na ajiye kofi. "Ikon Allah" ce ta Bala Miller. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar, ya ce, "Wallahi Baba, a intanet na tsince ta." Ɗan Zariya fa!

To ga abin da na gaya masa. An haifi Bala Miller a 1928, mahaifinsa limamin coci ne mutumin Zariya. A Legas ya yi karatu, a can kuma ya goge a kiɗan hailaif, har ya yi aiki da Victor Olaiya. A shekarun 1970 ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pirameeds a Kaduna, daga baya gidan talabijin na NTA ya riƙa nuna shirinsa.

Sau ɗaya na kalle shi ido da ido, a Kaduna, ina saurayi, shi kuwa ya haura hamsin. Dandamali ya cika maƙil: masu busa a jere, masu jita a gefe, masu ganguna a baya, ga 'yan amshi. Da ya ɗaga hannu sai wuri ya yi tsit, da ya sauke sai busa ta tashi gaba ɗaya kamar daga baki guda. Kayan badujala ne na Turawa, amma Hausa suke yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin makaɗan nan shi ya raine su. Samari ya ɗebo ya koya musu. Riƙe irin wannan taro sai mai haƙuri: a ciyar, a biya, a yi ta gwaji kafin a fito gaban jama'a. Yau kuwa, a Kano ko a nan, yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta ya ishi biki. Ya fi arha, ban musa ba. Sai dai wa yake koya wa?

Bala Miller ya rasu a 2003, yaransa kuma yanzu sun manyanta. Don haka ɗalibanmu, in kun je gida hutu, ku yi cigiyar waɗanda suka rage a Kaduna, ku zauna da su, ku naɗi labarinsu a wayoyin nan naku. Ɗan Zariyan nan dai ya yi mini alkawari. Allah ya ba shi ikon cikawa.